Ranar da Motar Baba Ta Mutu a Tsakiyar Rafi

Makon jiya motar jikana ta ƙi tashi a ƙofar gida. Ya danna, ya sake dannawa, ta yi shiru kamar ba ta san shi ba. Ya kira makaniki a waya, wani saurayi ya zo da farar riga tas, ko bonet bai ɗaga ba, sai ya zaro wata 'yar na'ura ya soka a ƙasan sitiyari, ya karanta abin da ta rubuta, ya ce sai an aiko da wani abu daga Kano. Ina tsaye a bakin zaure ina kallonsu. Babu wanda ya kara kunnensa a jikin motar, babu wanda ya sunsuna, babu wanda ya ɗanɗana wani abu da harshe ya tofar. Ban ce laifi suka yi ba, zamaninsu ne, kuma motar ta tashi bayan kwana biyu. Amma da na koma ɗaki na zauna, sai na tsinci kaina ina kallon babban yatsan hannuna na dama, na kuwa san abin da ya tuna.

A Kurfi na tashi, lokacin da motocin garin duka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ɗaya ta mahaifina ce, tsohuwar mota mai bodin katako, koriya a da can, amma rana da jar ƙasa sun mayar da ita wani launi da ba shi da suna. Shanun da ya gada ya sayar ya saye ta, bayan dangi sun yi ta zarya suna hana shi. Mu asalinmu Fulani ne da suka zauna gari har harshen ya kuɓuce mana, son saniya ne bai kuɓuce ba, saboda haka wasu 'yan'uwansa har suka koma ga Allah ba su daina yi masa gori ba. Kakata, wato mahaifiyarsa, ba ta taɓa kiran motar da sunanta ba. Saniyar ƙarfe take ce mata. Takan ce garke guda ya koma saniya ɗaya, ita ma ba ta nono sai hayaƙi. Duk da haka ita ke share ƙarƙashinta kowace safiya, ita ke korar awaki in sun zo susa a jikin taya, ita ke rufa mata tsofaffin buhuna a kan gilashi in rana ta take. Abin da muke ci daga jikin motar nan yake fitowa, kowa a gidan ya san haka.

Yaran yanzu ba su san mota tana da murya ba. Tamu tana da ita, unguwa duka ta san ta. Da an idar da sallar asuba Baba zai fito da buta ya cika lagireto, ya zaro ƙarfen awon baƙin mai ya goge a tsumma ya mayar, sannan ya ɗauko wani ƙarfe mai lanƙwasa ya soka a hancinta ya murɗa da ƙarfin kafaɗa, don ba ya son gajiyar da batir da sassafe. Sai ta yi tari biyu, ta yi atishawa ɗaya, ta yi shiru. A daidai nan matan maƙwabta sukan tsayar da taɓarya a sama suna saurare. In ta kama a murɗi na uku, sai ka ji luguden ya ci gaba daga gida zuwa gida, kaji su watse, ƙamshin fetur ya gauraya da na kunun tsamiya. In ba ta kama ba, sai ka ji wata daga bayan danga ta ce, “Allah ya ba ta lafiya,” kamar mutum ake nufi. Yau ina kwana a unguwar da motoci suka fi bishiyoyi yawa, ban san muryar ko ɗaya ba.

Ni ce 'yar farin Baba, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga Kaka, a ɗakinta na girma. In yana son abu daga gare ni, ko ina tsaye a gabansa, sai ya dubi bango ya ce, “Inna, a ce wa waccan ta kawo buta.” Kaka kuma ta juyo ta ce mini, “Kin ji dai,” ni kuma in ce mata, “To.” Gaisuwa nakan durƙusa daga nesa in gaishe da ƙasa, shi kuma ya amsa wa iska. Ban taɓa buɗe baki na ce masa Baba ba, a zuciyata kawai nake faɗi. In na ba jikokina wannan labari sai su ce ashe ba ya sona. Ba su gane ba. Mutumin nan shi ya tsaya kai da fata aka bar ni na wuce makarantar 'yan mata ta kwana a birni, lokacin da mutane ke cewa ya zubar da ɗiya. Duk hutu shi yake zuwa ɗauko ni, mu yi tafiyar yini guda ba mu ce wa juna uffan ba, amma da mun iso sai ya ajiye wa Kaka ƙunshin sabulu da alewa ya ce, “A ba wanda yake so.” Kaka ba ta da haƙoran alewa.

Da na gama sakandare aka ba ni aikin koyarwa a Dutsin-Ma, zan zauna wurin ƙanwar Baba. Tsakiyar damina ce, gero ya kai ƙirji. Kaka ta ce ba wanda zai kai mata jika wani gari ba ta ga ɗakin da za ta kwana ba, duk da gwiwoyinta sun daɗe da ƙin tafiya. Ranar jajibirin tafiyar da la'asar Baba ya cika tankin mota da garwa da mazurari har baki, ya ɗaure murfin, ya tafi masallaci. Kaka tana zaune a inuwar motar tana tsince wake, sai ta ɗaga hanci.

“Ke 'yar boko, zo ki ji. Man nan gudu shikai.”

“Ƙamshinsa ne kawai, Tsohuwa.”

“Ƙamshi ba daga jikin abu yake hita ba? Turarena in na bar shi buɗe kwana uku mi nake iskewa?”

Gaskiyarta kuwa, a aji ma an koya mana haka. Kaka mace ce da ba ta barin bakin komai a buɗe. Tulun zumarta, kwalbar turarenta, tukunyar da take ajiye irin wake, kowanne sai ta bi gefen murfinsa da kakin zuma ta liƙe, ko tururuwa ba ta samun hanya. Ta aike ni na ɗauko mata curin kakin, ta ce in haɗo da kaskon wuta a narka shi. Nan na nuna mata ilimina, na ce wuta ba ta kusantar fetur, sai mu tashi da gidan gaba ɗaya. Ta ce to, ashe an koyo wani abu. Na murza kakin a tafin hannuna har ya yi laushi. Idonta ba ya gani sosai, ni na duba mata murfin, ni na gano wata 'yar huda kamar ta allura a gefensa, na ce, “Ga ma inda yake fita.” Da babban yatsana na danna kakin a ciki, na bi zagayen murfin na shafe tas, na goge da gefen zanena don ya yi kyau. Muka koma tsintar wake muna jin mun yi wa gidan aiki.

Da hantsi muka tashi. Ni da Kaka a gaba, ita a tsakiya, kamar yadda aka saba, don kada kafaɗata ta taɓa tasa. A baya akwatina na ƙarfe da tabarma, da buhunan wake, da fasinja kamar shida. Mai buhunan abokin Baba ne tun suna yara, mutumin wajen Karofi da ke fataucin wake, gajere mai baki kamar reza, ni Baffa nake ce masa. Sama a kanmu garau take, amma can gabas hadari ya yi baƙi ƙirin tun asuba, ana ganin ruwa yana sauka kamar an rataye zare. Hanyar a lokacin ba kwalta, ba gada. Jar ƙasa ce da ramuka, in an zo rafi a gangara cikin yashi a haye.

Ba mu yi nisa ba motar ta fara shaƙewa, ta yi fizga biyu ta mutu a gindin wata ɗorawa. Baba ya sauka, ya ɗaga bonet, ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya yana gogewa yana hurawa. Baffa ya leƙo daga baya ya ce, “Direba, in saniyar taka kiwo take so, ga ciyawa nan.” Baba ya ce, “Nauyin bakinka ne ya yi mata yawa.” Aka yi dariya, aka ci goro, aka daɗe. Da ya murɗa sai ta kama, kowa ya ce fulogi ne. Yanzu na san ba fulogi ba ne, zaman da muka yi ne ya ba iska damar silalawa kaɗan ta wani wurin da yatsana bai kai ba. A lokacin ban kawo komai a raina ba, ina tunanin yadda zan tsaya gaban aji.

Rafin da muka iso yana da faɗi, gaɓarsa tana da tsayi ta kowane gefe, tsakiyarsa farin yashi ne da ɗan ruwa siriri yana bin gefe. Baba ya sa giya ta ɗaya ya gangara a hankali. Mun wuce rabi kaɗan ta sake shaƙewa. Na ji ƙafarsa tana dukan totur, ta yi fizga, ta yi wani dogon numfashi, ta tsaya. Ya murɗa makulli, ta yi gurnani ba ta kama ba. Ya sake, ya sake, har gurnanin ya koma nishi, batir ya gaji. Shirun da ya biyo baya har yau ina jinsa. Babu komai sai kukan kurciya da ƙarar ƙarfe mai zafi yana hucewa.

Wani makiyayi yana tsaye a kan gaɓar da muka nufa, ya rataya sanda a wuya. Ya dube mu, ya dubi gabas, ya ce, “Ku hita daga nan. An kwana ana ruwa a sama, yanzu na kauda shanuna.”

Maza suka sauka suka tura. Yashi ya riƙe tayoyin, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Aka sauke buhuna aka kai gaɓa, aka sake turawa, ta ɗan motsa ta koma. Baba ya ɗaga bonet. Daga inda nake zaune ina ganin hannuwansa ta ƙasan murfin. Ya cire wayar fulogi ya riƙe kusa da jikin inji, ya ce Baffa ya murɗa ƙarfen. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, tas. Ya ce, “Wuta akwai.” Ya ƙwanƙwasa kafireto da gindin sukundireba, ya sunsuna bakinsa, ya girgiza kai. Sannan ya sunkuya kan famfon mai. A jikinsa akwai wani ɗan kofin gilashi da kullum ake ganin fetur a ciki, rawaya kamar man gyaɗa. Babu ko ɗigo. Ya kama ɗan hannun da ke gefen famfon ya yi ta dannawa, kofin bai jiƙe ba.

“Ko man ya ƙare?” in ji Baffa.

“Da hannuna na cika shi jiya har baki. Famfon ne, fatar cikinsa ta yage.”

“Sai yaya?”

“Sai in kwance shi in yanka wata daga tsohon tib na taya.”

“Zai kai yaushe?”

Baba ya ɗora sukundireba a kan sukuru na farko.

A lokacin ne na ji ƙarar. Da fari na ɗauka iska ce a cikin gero, sai dai ganye ko ɗaya ba ya motsi. Siririn ruwan nan na gefe ya canza launi, ya koma ja, ya fara faɗi, yana ɗauke da kumfa da karare. Fasinjoji suka kwashi kayansu suka haye. Baffa ya zo taga ya ce wa Kaka ta hau bayansa. Ta ce, “Ɗana yana ƙasa in hau tudu in yi kallo? Tahi abinka.” Ya koma wurin Baba ya kama hannun rigarsa, wasa duk ya fita daga muryarsa. Ya ce, “Bar ta, don Allah. Ƙarfe ne.” Baba ya zame hannunsa ya ce, “Ka ɗauke su Inna.” Ya sa sukundireba a sukuru na biyu. Na san ba zai bar ta ba. Mutumin da ya sayar da garken ubansa ba zai koma Kurfi a ƙasa ya ce rafi ya tafi da shi ba. Zai tsaya nan har ruwa ya yanke masa hukunci.

Ina kallon kofin nan da babu komai a ciki. Mai yana tanki, famfo yana ja, ba ya zuwa. Ban san yadda aka yi ba sai na tuna ɗakin kwananmu a makaranta, ranar da wata ta samo gwangwanin madara muka huda shi da ƙusa wuri ɗaya, muka kifa a kan kofi, ya ƙi zuba sai ɗigo. Wata babba a cikinmu ta karɓa ta ƙara huda a ɗaya gefen, ta ce sai iska ta shiga madara take fita. Na dubi babban yatsana. Akwai sauran kaki a ƙarƙashin farcen.

Na kama hannun Kaka na ce, “Tsohuwa, ki ce mashi ya buɗe murfin tanki.”

“Ana wannan hali kina zancen murfi?”

“Kakin da muka sa ne. Ki faɗa mashi.”

“Kakina mi ya yi? Shi ya tsare man ma. Ki yi salati ki bar mutum ya yi aikinshi.”

Na buɗe ƙofa na sauka. Ruwa ya rufe mini idon sawu, sanyi ƙalau, yana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafata. Na zagaya wurin tankin na kama murfin da hannu biyu, ya ƙi motsi, kamar an riƙe shi daga ciki. Na sa gefen zanena na sake gwadawa, hannuna sai zamewa yake. Ƙarar nan ta gabas ta zama kamar ana sussuka a gari guda. In Baba ya gama kwance famfon, ko an buɗe murfi ba abin da zai tashe ta. Babu wanda zan aika. Na taka cikin ruwa na je na tsaya a bayansa, kusa da shi fiye da yadda na taɓa tsayawa tun ina goye.

“Baba.”

Bayansa ya ƙage. Sukundireban ya tsaya, amma bai juyo ba.

“Baba, kada ka kwance. Famfon lafiyarsa lau. Iska ce ba ta shiga tanki.”

Ya dubi Baffa ya ce, “Mi take cewa?”

“Kunnenka ya fi nawa kusa,” in ji Baffa. “Yau dai ka ji da kanka.”

Na ce, “Kamar gwangwanin madarar mai shayi ne, in huda ɗaya ce ba ya zuba. Akwai 'yar huda a murfin. Jiya na toshe ta da kakin zuma. Ni na toshe.”

Ban ambaci Kaka ba, amma ta ji, ta leƙo ta taga ta ce, “Ni na sa ta. In duka ne ni za a fara.”

Baba ya mayar da sukurorin nan biyu ya ɗaure, ya wuce ta gefena zuwa tankin. Ya kama murfin ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya saki sai tankin ya ja wani dogon numfashi, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci, jikin ƙarfen ya yi ɓam ya koma daidai. Ya jefa murfin a aljihu, ya dawo ya kama ɗan hannun famfo. Ina tsaye ina ƙirgawa a zuci. A dannawa ta bakwai ko ta takwas wani abu rawaya ya tofo a gindin kofin, ya hau, ya cika.

Ruwa ya kai mana ƙwauri. Baba ya ce wa Baffa, “Kira su su zo su tura.” Ya soka ƙarfen a hancinta ya murɗa. Tari biyu, shiru. Ya sake, ta yi atishawa ta mayar masa da ƙarfen har ya kusa faɗuwa. Kaka tana ta ya Latifu, ya Latifu, tana dukan gaban motar da tafin hannu kamar mai lallashin saniya a wurin tatsa. A na uku ta kama. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, har guɗar ranar aurena. Ya zare ƙarfen, ya rufe bonet, ya yi tsalle ya shiga. Ni ban koma ciki ba, na bi maza baya na sa kafaɗa a jikin katako, ɗankwalina ya tafi da ruwa ban ma sani ba. Makiyayin nan ya gangaro ya tusa tabarmata a ƙarƙashin taya. Tayoyin suka yi ta watsa mana jan yashi a fuska, ta yi gaba, ta dawo, ta yi gaba, sai na ji katakon ya kuɓuce daga kafaɗata na faɗi a kan gwiwa. Baffa ya fizgo ni ta hannu muka haye da gudu.

Ba mu gama tsayawa a kan gaɓa ba kan ruwan ya iso. Ja ne, tsayinsa ya kai ƙirjin namiji, yana tafe da kututture da dangar wani da mushen tunkiya. Inda motar ta tsaya ya shafe kamar ba a taɓa yin wurin ba. Tabarmata ta leƙo sau ɗaya ta nutse. Na zauna daɓas a ƙasa. Shekaru nawa ke nan, na haifi 'ya'ya, na binne wasu, na ga abubuwa, amma in aka yi ruwa da yawa na ji kwata tana gurnani, sai na nemi wuri na zauna.

Baba ya bar injin yana aiki, ya sauko ya yi sujada a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya daɗe. Da ya ɗago sai Baffa ya samu bakinsa ya dawo. Ya ce, “To, Direba, shekara nawa kana shan baƙin mai, yau ga malamar makaranta ta koya maka da gwangwanin madara. Ni dai daga yau ita zan riƙa tambaya kafin in loda wake.” Fasinjoji suka yi dariya irin ta waɗanda suka tsira, mai tsawo, har da hawaye. Kaka ta cire mayafinta ta miƙo mini ta taga ta ce, “Rufe kanki, kin tsaya gaban maza kamar zakara.” Da na matso karɓa sai ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Ni jira nake a yi mini faɗa. Na yi ɓarna, na kuma kira Baba a gaban mutane, ban san wanne ya fi nauyi ba. Ya ciro murfin daga aljihu, ya karɓi allura wurin wata fasinja, ya zauna a kan matakin mota yana sakace kakin a hankali. Ya ɗaga murfin sama ya leƙa har ya ga haske ta hudar, ya hura, ya mayar a tankin. Sannan ya zagaya ya sake ɗaga bonet, alhali ba abin da ya rage a gyara. Ina tsaye taku uku daga gare shi. Bai dube ni ba, injin ya duba, ya fara magana da shi da ƙarfi yadda za a ji.

“Wannan shi ne famfo,” ya ce wa injin, yana nunawa da sukundireba. “Daga nan mai yake hawa kafireto. Wannan wayar ita ke kai wuta. In mota ta ƙi tashi, wuta ake fara dubawa, sannan mai.” Ya goge hannunsa a tsumma. “Sannan iska. Wannan yau na ƙara shi.”

Na matso taku ɗaya. Bai matsa ba. Ya bi sassan nan ɗaya bayan ɗaya yana faɗa wa injin sunayensu, kamar injin ne bai san kansa ba, Baffa kuwa ya juya baya yana ta gyaran buhun da ba abin da ya same shi. Da ya gama ya dafa bonet zai rufe, sai ya tsaya.

“Kuma in an ga abu,” ya ce, har yanzu idonsa a kan famfo, “a riƙa faɗi da wuri. Ba sai an bi ta wurin Inna ba.”

Na dubi famfon ni ma, na ce masa, “To.”